Funfuna cikin kwalbar allura: yadda annobar 2012 ta sake dokar magani a Amurka

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san sanƙarau da lokacinsa. Ciwo ne na bazara, yana zuwa tare da ƙura da zafin rana, ya bi gari gari, sai damina ta faɗi ya lafa. Sanƙaraun da ya faɗa wa Amurkawa a ƙarshen shekarar 2012 wani iri ne dabam: ba iska ta kawo shi ba, kuma mai shi ba ya shafa wa na kusa da shi. Likitoci ne suka zuba shi da hannunsu cikin bayan marasa lafiya, ba da saninsu ba, daga ƙananan kwalabe masu ɗauke da tambarin wani gidan haɗa magani na jahar Masachuset. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙidaya mutum 753 da suka kamu a jahohi 20, kuma 64 daga cikinsu suka rasu. Daga baya masu gabatar da ƙara sun ce mamatan sun haura 100. Abin tambaya shi ne yadda haka ta faru a ƙasar da ake ba da misali da ita wajen tsananin sa ido a kan magani, kuma ba a samun amsar sai an koma baya shekara 75.

Da farko ya kamata mai karatu ya san irin sana'ar da ake magana a kanta. Magani iri biyu ne ke kaiwa ga mara lafiya. Akwai wanda masana'anta ke yi da yawa, tsari ɗaya ga kowa, a zuba cikin kwali a rarraba duniya. Akwai kuma wanda mai farmasi ke haɗawa da hannunsa domin mutum ɗaya, bisa takardar likita: yaron da ba ya iya haɗiye ƙwaya a narka masa ita cikin ruwan zaƙi, tsohon da jikinsa ba ya ɗaukar wani sinadari a haɗa masa maganin ba tare da shi ba. Faransawa suna kiran wannan préparation magistrale, wato haɗin da aka yi da umarnin gwani, kuma sunan kansa ya nuna sharaɗin aikin: likita ɗaya, takarda ɗaya, mara lafiya ɗaya. Wannan ita ce tsohuwar sana'ar, ta girmi masana'antu nesa ba kusa ba, kuma har yanzu asibitoci ba su iya rabuwa da ita.

Ruwan zaƙin 1937

A shekarar 1937 wani kamfani na garin Bristol a jahar Tenesi, mai suna S. E. Massengill, ya so ya sayar da sulfanilamid, sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta na wancan zamani, a cikin ruwa maimakon ƙwaya ko gari. Babban masanin sinadaran kamfanin, Harold Watkins, ya gano cewa maganin yana narkewa sosai cikin wani ruwa mai ɗan zaƙi da ake kira diyetilen gilikol. Aka ƙara masa ƙamshin ƴaƴan itace, aka duba launi da ɗanɗano, aka fitar da galan 240 zuwa kasuwa. Ba wanda ya gwada shi ko a jikin ɓera, domin dokar 1906 da ke aiki a lokacin ba ta wajabta gwaji ba. Diyetilen gilikol guba ne mai kashe ƙoda. Cikin watannin Satumba da Oktoba mutum fiye da 100 suka mutu a jahohi 15, da yawansu yara ne masu ciwon maƙogwaro.

Hukumar abinci da magunguna, FDA, ta baza kusan dukan ma'aikatanta suna bin kwalabe kanti kanti, gida gida, har suka tattaro kusan duka. Amma da aka zo hukunci sai aka tarar doka ba ta san laifin kisa da magani ba. Laifin da aka iya kama kamfanin da shi na suna ne: ya rubuta wa ruwan kalmar elixir, wadda a doka take nufin abin da ke da barasa a ciki, alhali babu barasa. Da ya kira shi da wani suna, da hukuma ba ta da ikon ko taɓa kwalba ɗaya. Aka ci shi tarar dalar Amurka 26,100, Watkins kuwa ya kashe kansa. A watan Yunin 1938 shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta tilasta wa mai masana'anta ya nuna cewa maganinsa ba ya cutarwa kafin ya sayar. A 1962, bayan masifar talidomid da ta sa aka haifi dubban jarirai da naƙasassun gaɓoɓi a Turai da wasu ƙasashe, aka ƙara sharaɗi na biyu: sai an nuna kuma cewa maganin yana warkarwa.

Wannan gubar ba baƙuwarmu ba ce. A 1990 ta kashe yara 109 a Nijeriya, a Jos da Ibadan, cikin ruwan farasitamol da masu haɗa magani suka yi da sinadarin da aka sayar musu da sunan wani abu dabam, kuma shekara uku bayan haka aka kafa hukumar NAFDAC.

Dokokin 1938 da 1962 duk masana'antu suka dosa. Mai farmasi na unguwa an bar shi a hannun hukumar jaharsa, kuma a wancan lokaci hakan hankali ne: wanda ke haɗa kwalba ɗaya domin maƙwabcinsa, ko ya yi kuskure, ɓarnar ba ta wuce gida ɗaya. Ga shi kuma sana'ar tana ta ja da baya, domin bayan yaƙin duniya na biyu masana'antu sun karɓe kusan dukan aikin. Masu doka sun ɗauka abu ne mai mutuwa da kansa.

Tsakanin hukuma biyu

Bai mutu ba. Daga shekarun 1980 zuwa na 1990 sana'ar ta farfaɗo da wata sabuwar kama. Asibitoci, don rage kashe kuɗi, suka fara ba da aikin haɗa allurai da ruwan jijiya ga ƴan kwangila na waje. Magungunan masana'antu suka riƙa yankewa a kasuwa lokaci lokaci, masu haɗawa suna cike gurbin. Sai ga gidajen da takardar izninsu ta farmasi ce, amma aikinsu na masana'anta: dubban kwalabe a tashi ɗaya, ƴan talla suna zagaya asibitoci, kaya suna ƙetare iyakokin jahohi. Hukumar jaha tana ganin abin ya fi ƙarfinta, ga ƙarancin ma'aikata. Hukumar tarayya in ta zo bincike sai lauyoyi su ce mata nan farmasi ne, ba huruminta ba. Jemage ke nan, tsuntsaye su ce dabba ne, dabbobi su ce tsuntsu ne.

A 1997 majalisar dokokin tarayya ta yi ƙoƙarin shata iyaka da wani sashe na doka mai lamba 503A. Ya yafe wa mai haɗa magani dogon gwajin masana'antu, da sharaɗin ya tsaya ga takardar likita ta mutum sananne, kuma kada ya yi tallar wani magani takamaimai. Masu sana'ar suka kai ƙara a kan hana talla, suna cewa an tauye musu ƴancin magana da tsarin mulki ya ba su. A watan Afrilun 2002 kotun ƙoli ta ba su gaskiya da alƙali 5 a kan 4. Daga nan aka shiga ruɗani: wata kotun ɗaukaka ƙara ta yammacin ƙasar ta riga ta ce in wannan sharaɗi ya faɗi, sashen duka ya faɗi, wata kuma ta kudu ta ce a 2008 sauran sashen yana nan daram. Doka ɗaya ta zama tana aiki a Teksas, ba ta aiki a Kalifoniya.

Ba a rasa gargaɗi ba cikin waɗannan shekaru. A 2001 FDA ta gwada magunguna 29 daga gidajen haɗawa, 10 suka faɗi gwajin, galibi saboda ƙarfinsu bai kai abin da aka rubuta ba. A shekarar nan mutum 3 suka mutu a Kalifoniya da allurar betametazon mai ƙwayoyin cuta. A 2002 wani gidan haɗa magani na Karolina ta Kudu ya fitar da allurar metilferednizolon mai funfuna, ta sa wa mutane sanƙarau: magani ɗaya, hanya ɗaya, ciwo ɗaya da abin da zai zo bayan shekara goma. A 2007 sanata Edward Kennedy da wasu abokan aikinsa suka tsara dokar da za ta ƙara wa FDA iko, ƙungiyar masu sana'ar ta yi mata taron dangi, ta mutu tun ba a kai ta zauren ƙuri'a ba. A 2011 mutum 9 suka rasu a asibitocin Alabama da gurɓataccen ruwan abinci na jijiya.

Framingham

Gidan da ake kira New England Compounding Center, a taƙaice NECC, an buɗe shi a 1998 a garin Framingham kusa da Boston. Mai farmasi Barry Cadden ne shugabansa, tare da dangin matarsa, iyalin Conigliaro, waɗanda ke da wurin tara shara da sake sarrafa ta a jikin ginin. Tun 2002 aka fara kai ƙorafi a kan allurarsa. Masu bincike na tarayya da na jaha suka zo, suka ga abin da bai gamshe su ba, suka zauna a 2003 suka yanke cewa farmasi ne, don haka jaha ce za ta bi shi. Jaha ta ja maganar har 2006, ta ƙare da yarjejeniyar da ba ta ɗora masa wani horo ba. A Disamban wannan shekara FDA ta aika masa takardar gargaɗi, ba ta sake komawa bincike ba sai da mutane suka fara mutuwa. A watan Yulin 2012 hukumar jahar Kolorado ta sanar da takwararta ta Masachuset cewa gidan yana aika magani da yawa ba tare da sunayen marasa lafiya ba; saƙon ya kwanta a ofis, kuma daga baya an kori daraktan hukumar saboda haka.

Maganar sunaye ita ce ta fi nuna yadda aka mai da doka abin wasa. Tun da izninsu na farmasi ne, dole kowace kwalba ta kasance da mai ita. Sai aka riƙa cika takardu da sunayen ƙarya: na shahararrun mutane, na jaruman wasan yara na talabijin, har da sunayen barkwanci. Shekara da shekaru ba wanda ya buɗe takardun ya yi mamaki.

Maganin da ya jawo masifar, metilferednizolon, na dangin kortizon ne, ana yin allurarsa a gefen laka domin rage ciwon baya da na wuya. Wanda NECC ke yi ba shi da sinadarin da ke hana ƙwayoyin cuta tsira, domin likitoci da yawa suna gudun kai wannan sinadari kusa da jijiyoyi. Ma'ana, kariyarsa ɗaya ce tak: tsabtar ɗakin da aka haɗa shi da dafuwar da aka yi masa cikin tukunyar tururi. A nan aka yi sakaci. An nuna a kotu cewa ana sauke shi bayan minti 15 ko kaɗan fiye, alhali ƙa'idar gidan ta ce 20. Ana aika kaya tun sakamakon gwaji bai dawo ba. Ana cika takardun shara da wanki ba tare da an yi aikin ba. Na'urar sanyaya ɗaki ana kashe ta da dare. Gwaje-gwajen gidan da kansa sun yi ta nuna funfuna da ƙwayoyin cuta cikin ɗakunan da ake kira masu tsabta tun farkon shekarar, ba a ɗauki mataki ba.

Tashi uku aka yi na wannan magani, a ranakun 21 ga Mayu, 29 ga Yuni da 10 ga Agusta 2012, kwalabe fiye da 17,000, aka rarraba su ga asibitoci 76 a jahohi 23. Mutum wajen 13,500 aka yi wa allurar. Funfunar da ke ciki, Exserohilum rostratum, manomi ya fi likita saninta: tana zaune a ƙasa da ciyawa, tana sa tabo a ganyen gero da dawa da masara, kuma da wuya ta kama ɗan Adam mai lafiya. Amma a nan an tsallake mata fata da duk wani shinge na jiki, an ajiye ta kusa da laka, tare da kortizon wanda aikinsa shi ne kwantar da garkuwar jiki. Ɓarawo ne aka shigar ɗaki, aka kuma ba mai gadi maganin barci.

Wadda ta fara ganewa likita ce a asibitin jami'ar Vanderbilt da ke Nashville, April Pettit. Tana da mara lafiya mai sanƙarau wanda magungunan da aka saba ba su yi masa aiki ba. Da gwajin ruwan bayansa ya nuna funfuna, sai ta bi tarihinsa ta gano an yi masa allurar baya makonni kaɗan kafin nan. Ranar 18 ga Satumba ta sanar da ma'aikatar lafiya ta Tenesi, inda likita Marion Kainer da mutanenta suka shiga neman masu irin wannan ciwo, suka tarar duk asibiti ɗaya suka je. Ranar 26 ga Satumba NECC ya janye tashin uku, farkon Oktoba ya rufe. Kwana takwas ne tsakanin saƙon likita ɗaya da janye maganin, kuma a ganina wannan shi ne wuri ɗaya cikin labarin da tsarin ya yi abin da aka kafa shi dominsa. Da masu bincike suka shiga gidan, sun ɗauki wani akwati mai kwalabe 321, suka ga baƙin abu mai kore-kore da ido ƙuru-ƙuru cikin 83.

Janyewar ba ta ceci waɗanda aka riga aka yi wa allurar ba. Ciwon yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kafin ya bayyana, don haka dubban mutane suka zauna cikin zullumi, duk ciwon kai sai a ce shi ne. Wasu funfunar ta ci jijiyoyin jini na gindin ƙwaƙwalwa, suka samu shanyewar jiki. Wasu ta taru ta yi ƙurji a inda allura ta shiga, sai da fiɗa. Magungunan kashe ta, borikonazol da amfoterisin, ana shan su wata da watanni, suna taɓa hanta da ƙoda, suna sa mutum ya ga abin da babu. Jahar Mishigan ce ta fi jin jiki da mutum 264, sai Tenesi da 153, sai Indiyana.

Doka da shari'a

A watan Nuwamban 2012 majalisa ta kira Cadden, ya ƙi amsa ko tambaya ɗaya, yana fakewa da ƴancin da tsarin mulki ya ba mutum na kada ya ba da shaida a kan kansa. Shugabar FDA, Margaret Hamburg, ta ce doka ba ta ba hukumarta isasshen iko ba. Ƴan majalisa da yawa suka ce ikon da take da shi ma ba ta yi aiki da shi ba. Duka biyun suna da gaskiya, kuma kowane ya riƙe rabin da ya fi masa daɗi.

Ranar 27 ga Nuwamba 2013 shugaba Obama ya sa hannu a kan dokar ingancin magani da tsaronsa. Ta cire sharaɗin talla daga sashe na 503A, don haka sashen ya koma aiki a duk ƙasar. Ta kuma ƙirƙiro sabon rukuni a sashe na 503B domin manyan gidajen da ke haɗa allurai da yawa ba tare da sunan mara lafiya ba: su yi rajista da FDA, su bi ƙa'idojin tsabta irin na masana'antu, su buɗe ƙofa ga masu bincike, su ba da rahoton duk wata cutarwa, su kuma rubuta a jikin kwalba cewa wannan haɗaɗɗen magani ne. Kashi na biyu na dokar ya shimfiɗa tsarin bin sawun kowane kwalin magani daga masana'anta zuwa kanti, aka ba shi shekara goma ya kammala. Wannan ya fi shafar jabun magani, matsalar da muka sani a nan tun allurar riga-kafin sanƙarau ta jabu da aka yi wa dubban mutane a Nijar lokacin annobar 1995. Masachuset ma ta tsaurara tata dokar a 2014.

Sai dai akwai rami a tsakiyar dokar: shiga rukunin 503B ganin dama ne. An dogara ga cewa asibitoci za su ƙi sayen kayan wanda bai yi rajista ba, kasuwa ta tilasta abin da majalisa ta ji nauyin tilastawa. A shekarun farko gidajen da suka yi rajista ba su kai 100 ba, alhali a 2012 an ƙiyasta masu haɗa allura da makamantanta sun kai 3,000. Ko masu rajistar ma, maganinsu ba ya bin gwajin da na masana'anta ke bi kafin fita. A 2017 mutum fiye da 40 suka samu lahani a ido a garin Dalas bayan an yi musu allurar wani haɗaɗɗen magani lokacin fiɗar yanar ido.

NECC ya bayyana karyewar arziki a Disamban 2012. A 2015 kotu ta amince da asusun diyya na miliyan 200 na dalar Amurka (ba dalarmu ta kasuwa ba), wanda masu gidan, kamfanonin inshora da wasu asibitoci suka tara. A Disamban 2014 aka tuhumi mutum 14. Glenn Chin, mai farmasin da ke kula da ɗakunan haɗawa, an riga an kama shi a filin jirgin Boston yana shirin tafiya Hong Kong. Masu gabatar da ƙara sun nemi a ɗora wa shi da Cadden kisan mutum 25, amma masu taya alƙali yanke hukunci ba su yarda da kisa ba; sun same su da laifin zamba da haɗa baki wajen aikata laifi. Cadden ya samu shekara 9 a 2017, Chin shekara 8 a 2018, hukuncin da iyalan mamata suka ga ya yi sauƙi ƙwarai. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a sake lissafi, a 2021 aka mai da na Cadden shekara 14 da rabi, na Chin 10 da rabi.

Jahar Mishigan ta buɗe tata shari'ar a kan mutum 11 da suka mutu a gundumar Livingston. A 2024, shekara 12 bayan allurar, Cadden ya zaɓi kada ya yi jayayya da tuhumar kisa ba da niyya ba, aka yanke masa shekara 10 zuwa 15; Chin ya bi sahunsa, aka ba shi 7 da rabi zuwa 15. Hukuncin kowannensu yana tafiya tare da na tarayya, ba a bayansa ba.